Hatiminmu da Hotunan Iyayenmu

Gaisuwa ga dukkan mambobi, da mazajenmu da ke ba mu goyon baya, da 'ya'yanmu waɗanda su ne za su karanta wa iyaye da kakanni wannan takarda bayan sallar isha'i. Mun gode wa Allah da ya sake nuna mana zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu a nan Tsohon Birnin Gwari. Waɗanda muka faro tafiyar nan tare da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Bana kowace mamba ta karɓi katin gayyata wanda bai yi kama da na shekarun baya ba. Ba daga Kaduna aka bugo shi ba. Takardarsa ruwan ƙasa ce, a tsakiya ga hoton matan da suka kafa ƙungiya zaune a kan tabarma, a gefe ga zanen ganye da dagi, a ƙasa kuma ga hatimin ƙungiya da shuɗiyar tawada. Da aka kai wa wata gwaggonmu nata, sai ta juya shi gaba da baya, ta shinshina, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan a ƙasan adakar wa kuka tono shi?" Aka yi dariya, aka ce, "Gwaggo, ai ko wata guda bai yi ba, 'yan matanmu ne suka yi shi da hannu." Ta yi shiru, can ta ce, "To don me kuka tsofar da shi da gangan?"

Tambayar nan ta fi ƙarfin dariya. Don mu amsa ta ne kwamitin mujalla ya ce a waiwaya baya, a ga inda kati da hatimi da hoto suka fito, da yadda suka shigo hannun matan garin nan. Waiwaye adon tafiya, in ji masu iya magana.

Kafin kati, goro

Kakanninmu ba su san katin gayyata ba. In an yi haihuwa ko za a ɗaura aure, goro ake rabawa gida-gida. Goron ma ɗan nesa ne, domin a da fatake ne suke ɗauko shi a kan jakuna tun daga Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, su yi watanni a hanya. Daga baya alawa da minti da cingam suka shigo, amma tsarin bai canza ba: wata tsohuwa ko ƙawar uwar biki za ta yi sallama, ta miƙa, ta faɗi rana. Ba a bukatar rubutu, saboda an san wadda ta kawo, an san gidan da ya aiko ta. Fuskarta ita ce shaida.

Sai dai goro ba ya ajiyuwa. An ci, an yi biki, an watse. Bayan shekara 40 sai ka ji tsofaffi biyu suna musu a kan shekarar da aka yi wani aure. Wannan ta ce shekarar da motoci suka koma tuƙin dama ce, wato 1972. Waccan ta ce a'a, sai da aka daina fam da sule aka koma naira, wato 1973. Babu takardar da za ta raba gardama. Yawancin tarihin mata haka ya tafi, a baka, sai abin da mai rai ta iya tunawa.

Hatimi kayan manya ne

Kalmar hatimi daga Larabci muka aro ta, kuma tarihinta a wurinmu yana komawa ga fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Lokacin da ya yi nufin aika wasiƙu ga sarakunan Rum da Farisa, sai aka shaida masa cewa ba sa karɓar wasiƙar da ba ta da hatimi. Sai aka ƙera masa zoben azurfa, aka zana sunansa da matsayinsa a layi uku, yana buga shi a kan wasiƙu. Zoben ya koma hannun Sayyidina Abubakar, sannan Sayyidina Umar, sannan Sayyidina Usman, har ya faɗa rijiyar Aris a Madina. Tun daga nan aikin hatimi a fili yake: takarda tana tafiya inda mai ita ba zai je ba, hatimi ne yake tsaya masa.

A ƙasarmu ma haka abin yake. A ƙarni na 19 wasiƙun Sarkin Musulmi na Sakkwato da na Shehun Borno suna ɗauke da hatimi, wanda ya gan shi ya san daga inda magana ta fito. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, wani jami'insu mai suna Backwell ya fassara su zuwa Turanci, aka buga a 1927. Har yau akwai irin waɗannan takardu a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da kuma Gidan Arewa. Da zamanin En'e ya zo, hatimi ya bazu zuwa teburin alƙali da hakimi da malamin haraji. Takardar haraji, takardar jangali, takardar shari'a, kowace sai an buga mata.

Ina mata a cikin wannan? Mace ba ta da hatimi. In lamari ya kai ta gaban takarda, sai a kama babban yatsanta a shafa tawada a dangwala, sau da yawa ba ta san abin da aka rubuta ba. Ba wai mata ba su da alamar girma tasu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, in ta naɗa mace jaji don ta je ƙauyuka ta karantar da mata, malfa take ba ta da jan ƙyalle a ɗaure, duk wanda ya gani ya san 'yar aiken wace ce. Amma wannan alama a ka ake sa ta. A kan takarda kuwa, mu dangwale kawai muka sani. Ko dangwalen zaɓe ma, wanda irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya suka sha ɗauri a kansa, matan Arewa ba su samu ba sai a 1976.

Kan sarki, kati da roba

Abubuwa uku daga waje suka sauko da takarda zuwa hannun talaka. Na farko shi ne kan sarki. A 1840 Ingila ta fara fitar da 'yar takardar da ake liƙa wa wasiƙa, da kan Sarauniya Biktoriya a jiki. Wanda aka fara yi wa Arewacin Nijeriya a 1900 shi ma kanta ne a kai, bayanta kuma sarakunan da suka gaje ta. Shi ya sa har gobe muke cewa kan sarki, ko da hoton tsuntsu ne a jiki.

Na biyu shi ne katin gaisuwa. A 1843 wani Bature a Landan, Henry Cole, ya ga wasiƙun gaisuwar Kirsimeti sun yi masa yawa, sai ya sa aka buga masa kati 1,000 iri ɗaya. Daga nan abin ya zama kasuwa. A wurinmu 'yan makarantar kwana ne suka fara kawo katin barka da Sallah gida. Waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1970 da 1980 kuma ba su manta da katin Zaɓi Sonka ba. A saya, a jera sunayen dangi da ƙawaye, a aika gidan Rediyon Kaduna, sannan a kasa kunne. Ranar da aka karanta sunan mace a rediyo, unguwa duk sai ta sani.

Na uku shi ne roba. Hatimin da na azurfa ne ko tagulla, sai mai hali. A 1844 wani mutumin Amurka, Charles Goodyear, ya yi rajistar dabarar dafa ɗanyar roba da farar wuta, yadda ba za ta narke da zafi ba, ba kuma za ta ƙage da sanyi ba. Zuwa shekarun 1860 an fara yin hatimi da ita a can. Roba tana da arha, tana yankuwa da wuƙa, tana shan tawada. Sai ya zamana kanti da makaranta da ƙungiyar direbobi kowa yana iya mallakar nasa. Wanda muke gani yanzu mai tawada a cikinsa, da ake dannawa kawai, kamfanin Trodat na ƙasar Ostiriya ya fito da sanannen samfurinsa a 1976.

Ranar da muka sami namu

Haɗa kuɗi ba baƙon abu ba ne ga mata. Adashi ya girmi kowace doka, kuma uwar adashi a kanta take riƙe lissafi, ko ta yi zane a bangon ɗaki. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta farko a Nijeriya an yi ta ne a 1935, bayan rahoton da wani Bature mai suna Strickland ya rubuta a 1934. Amma da farko harkar maza ce, ta masu koko da gyaɗa da auduga. Mata na karkara sun fi shigowa bayan 1987, lokacin da Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara. Abin da doka ta tanada shi ne, ƙungiyar da ta yi rajista ta zama kamar mutum guda, tana da suna, tana iya buɗe asusu, tana da hatiminta.

Mu ba mu san nauyin wannan magana ba sai da muka sha kunya. Tsofaffin mambobi suna tuna wata damina da aka rubuta takardar neman taki, mata uku suka shiga mota suka kai ta wani ofis. Wanda suka tarar a kan tebur ko karantawa bai yi ba. Ya duba ƙasan takardar, ya turo ta, ya ce, "Hajiya, ina hatiminku? Wannan ai kowa ma zai iya rubutawa." Suka dawo da yamma, kuɗin mota ya tafi, taki ya wuce mu a shekarar.

A taro na gaba aka yi karo-karo, aka ba ɗan wata mamba ya tafi Kaduna wurin masu rubuta allon kanti. Ya dawo yana ba mu labarin yadda mutumin ya zana haruffa a juye a kan roba, ya bi su da tsinin reza, ya manna a kan ɗan katako. Ranar da aka fara bugawa, shugabarmu ta farko, Allah ya jiƙanta, a kife ta buga shi. Aka yi ta dariya, aka sake. Kafin a tashi an buga shi a littafin taro, da murfin littafi, da kwalin sabulu, har da tafin hannun wani yaro da ya ƙi yin shiru. Amma da dariya ta lafa, sai wata tsohuwa ta ce, "Yau dai mun daina aron hannu." Wancan hatimin yana nan a wurin ma'ajiyarmu. Gefensa ya cinye, ba a aiki da shi, amma ba mai yar da shi.

Mai hoto ya zo

Shi kuma hoto an bayyana dabararsa ga duniya a Faransa a 1839. A 1854 wani mai hoto a birnin Paris, Disdéri, ya yi rajistar dabarar wanke ƙananan hotuna a manna su a kan kwali, mutane suna musaya da su kamar katin ziyara, da sunan mai hoton a baya. Ashe haɗa hoto da kati da hatimi da muke yi yau ya haura shekara 170 a duniya.

'Yan Afirka ba su daɗe ba suka karɓi sana'ar. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki hoton Sarkin Benin Ovonramwen a 1897 lokacin da Turawa suka kore shi daga sarauta. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗaukar mata da atamfofinsu da 'yan kunnensu, hotunan da yanzu ake rataye su a manyan gidajen tarihi na duniya. A nan Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara bin kitson mata yana ɗauka tun 1968, har ya tara hoto wajen 1,000. Abin da muke yi wa kallon kwalliyar yau da kullum, wasu sun gane tarihi ne.

A wajenmu kuwa mai hoto baƙo ne. Tun da sarauta da ofisoshi suka koma sabon gari a bakin babban titi, duk mai son hoto sai ya bi su can, ko ya jira ranar kasuwa ko Sallah. Tsofaffinmu suna tuna mai akwati mai ƙafa uku, wanda yake cusa kai cikin baƙin ƙyalle ya ce kar a motsa. Maza sun fi samun hoto. Mace tana cikin kulle, wasu gidajen kuma ba sa son hoto sam, kuma muna girmama ra'ayinsu. Saboda haka mace takan yi rayuwarta duka da hoto ɗaya ko biyu: na amarci a gaban jeren kwalla da tasoshi, da na fasfo in Allah ya kira ta Makka. Ku juya bayan irin waɗannan hotuna, sau da yawa za ku ga hatimin mai hoton da sunan garinsa, wani lokaci har da kwanan wata. Wannan ɗan hatimin ya sha raba mana gardama.

Abin da ya sa tsohon hoto yake yin ja

Yaranmu suna ɗauka cewa launin ƙasa-ƙasan nan ado ne da mutanen da suka zaɓa. Ba haka ba ne. Hoton baƙi da fari, ƙananan ƙwayoyin azurfa ne a jikin takarda suke ba da surar. Iska da laima suna cin azurfa, hoto ya dushe. Sai masu hoto suka gano cewa in aka tsoma shi a wani ruwan magani mai farar wuta, azurfar tana rikiɗa ta zama wani abu da ya fi jure wa zamani, launinsa kuma ya koma ruwan ƙasa. Turawa suna ce wa launin sefiya, sunan wata dabbar teku mai fitar da tawada irin wannan. Wato dabarar tsawaita ran hoto ce. Wasu hotunan kuma tsufa ne da hayaƙin ɗaki kawai suka jajanta su.

Ga wani abin lura. Hoto mai kala da ya yaɗu a shekarun 1980 rini ne a jikinsa, ba azurfa ba, kuma rini yana koɗewa, shuɗin cikinsa yakan riga sauran tafiya. Shi ya sa za ki ga hoton kakarki na baƙi da fari yana nan raɗau, na mahaifiyarki mai kala kuwa ya koma jaja-jaja, fuska ta fara ɓacewa. Da wayar hannu ta zo a 2001, daga baya ta sami kyamara, sai aka rage wanke hoto sosai. Kamfanin Kodak da ya yi fiye da shekara 100 yana sayar da fim, sai da ya bayyana karyewarsa a 2012. A 2010 kuma manhajar Instagram ta fito da dabarar shafa wa sabon hoto launin tsoho da taɓa allo sau ɗaya. Duniya ta koma kwaikwayon tsohon hoto daidai lokacin da ta daina ajiye hoto a takarda.

Abin da shekarun nan suka ci

Ba sai mun ba ku labarin abin da kuka gani da idonku ba, amma saboda jikokin da za su karanta wata rana, bari mu rubuta. Dajin Kamuku da ke yankinmu, wanda aka keɓe tun 1936 aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, da can wurin kaɗanya da ɗorawa da zuma ne a wurin mutanenmu. Sai ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Hanyar Kaduna da ta Funtuwa suka zama abin tsoro. Ba mu manta da harin Gwaska na watan Mayun 2018 ba, da sauran da ba su shiga jarida ba. Mambobinmu da dama daga ƙauyuka suka gudo da dare. Mai gudu da goyo a baya da yaro a hannu ba ta tsayawa neman ambulan ɗin hotuna. Gidajen da aka ƙona sun tafi da nasu, waɗanda aka bari a rufe kuma gara da ɗigar damina suka gama da su.

Waɗanda suka dogara da waya su ma ba su tsira ba. Wata an ƙwace tata a hanya, wata ta sayar don a haɗa kuɗin fansa, wata katin ajiyar cikin ne ya mutu. A ƙarshen Satumban 2021 kuma aka rufe layukan waya a yankinmu har kusan ƙarshen Nuwamba. A watannin nan mun koma rubuta 'yar takarda muna ba direba, kuma saƙon ƙungiya da ya shafi kuɗi, ba mai yarda da shi sai ya ga hatimi.

Abin da ya tayar da mu shi ne maganar wata 'yar'uwarmu da aka kashe mijinta tana da ciki. Yaron ya isa tambaya, yana cewa, "Inna, yaya kamannin Babana?" Ba ta da abin nuna masa. Ta faɗa a taro tana share hawaye. Bayan mako biyu sai ga wata mamba da hoton wani ɗaurin aure, ga marigayin a layin baya, rabin fuskarsa a bayan hular wani. Aka ɗauka da waya, aka kai aka faɗaɗa, aka wanke. Yaron ya riƙe hoton ya ƙi saki. Daga ranar muka ce kowa ta duba adakarta, domin hoton da ke ɗakinki wataƙila shi ne kaɗai shaidar uban wani ko uwar wata. Tun da aka yi sulhu a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, mutane sun fara komawa ƙauyuka suna tono abin da ya rage. Allah ya ɗorar da zaman lafiya.

Yadda muke yin katin

Da hotuna suka taru, 'yan matanmu suka ce a riƙa yin kati da kwafinsu, don kowane hoto ya kasance a gida fiye da ɗaya. Ba ma taɓa hoton asali. A inuwa ake shimfiɗa shi, a ɗauka da waya, a wanke kwafi. In sabon hoto ne za a haɗa da tsoho a kati ɗaya, sai a mayar da shi baƙi da fari ko ruwan ƙasa don su dace. Kwalin kuma ana shafa masa ruwan ganyen shayi da auduga, a shanya, a danne da dutsen guga. Mai son ya ƙara ja sai ta ɗiga ruwan lalle kaɗan.

Hatimin ado da kanmu muke sassaƙawa, daga tsohon silifa, da robar goge rubutu, da sakaina. Ana zana surar da fensir, a bi da reza a cire inda ba a so tawada ta taɓa. In rubutu ne dole a juya shi, a duba a madubi kafin a yanka. Zanen kuwa ba mu je nesa ba: na bakin ƙwarya ne, da na lalle, da dagi. Tawadar kanti tana yi, ta allo ma da ake haɗawa da ƙaro tana kama kwali sosai in ta yi kauri.

Sakainar nan ba mu muka fara ba. A garin Ntonso kusa da Kumasi, Asantawa suna sassaƙa hatimi daga ƙwarya, su tsoma a rinin ɓawon itace, su buga a kan zanen da suke kira adinkra. Akwai irinsa da aka samo tun 1817, yana gidan tarihi a Landan har yanzu. Kusa da gida kuma ga Ladi Kwali, Bagwariya maginiyar tukwane, wadda hotonta yake bayan naira 20. Ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, kuma tukwanen da ta yi a can suna ɗauke da ɗan hatimi mai haruffan sunanta biyu, L da K. Mata nawa ne suka gina tukwane masu kyau a ƙasar Gwari aka manta da su? Ita ta rasu tun 1984, amma duk inda tukunyarta ta je a duniya, ana juya gindinta a san hannun da ya gina ta.

Amsarmu ga Gwaggo

To Gwaggo, ga amsar tambayarki. Mun ba katin launin da ne don yaro ya tsaya ya duba, ya tambaya su wane ne waɗannan. Amma kin yi gaskiya da kika yi tuhuma, domin abin da aka tsofar da gangan yana iya ruɗin na baya. Saboda haka taro ya tsayar da ƙa'idoji uku. Na ɗaya, kowane kati za a buga masa hatimin ƙungiya da kwanan watan da aka yi shi, a kuma rubuta ko hoton tsoho ne na gaske ko sabo ne aka rina. Na biyu, ba za a sa hoton kowace mace ba sai da yardarta da ta gidanta, in ta rasu kuma sai da yardar magadanta. Na uku, hatimin ƙungiya yana wurin sakatariya, ita kaɗai take bugawa, ba ya shiga cikin na ado, domin amana ne.

Roƙonmu ga kowane gida shi ne, a fito da hotuna tun tsofaffin da suka san fuskokin suna raye. A zauna da su a tambaya. A rubuta a baya da fensir, ba da biro ba don yana huda takarda ya ɓata fuska: sunan mai hoton, sunan mahaifinta, garinsu, da shekara ko abin da ya faru a shekarar. Kada a kai hoton asali a manne shi da leda mai zafi, domin in ya lalace a ciki ba ya ɓantaruwa. A sa shi a ambulan, a ajiye a sama inda laima da gara ba sa kaiwa. Wadda ba ta iya rubutu ba ta zo da nata ranar taro, 'yan mata suna nan da fensir.

A hoton da ke kan katin bana akwai mace ɗaya a gefen hagu, mai ɗaurin kallabi a gaba, wadda har yanzu ba mu sami wanda ya tuna sunanta ba. Tana cikin waɗanda suka zuba kuɗin hatiminmu na farko. Duk wanda ya gane ta, don Allah ya sanar da sakatariya kafin ranar biki, mu rubuta sunanta tare da na sauran.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu lafiya mai ɗorewa, ya maimaita mana. Amin.